Turancin Wada da Riɗin Malam Hamisu

Da hantsi ana shan jabana, wato gahawa, a ƙarƙashin rumfa, Malam Hamisu ya dire finjalinsa ya yanke hukunci.

"Na faɗa, na kuma faɗa! 'Yata Lailatu malamar Turanci ce. Ba zan ba da ita ga mai yankan riɗi a gonakin mutane ba. In Wada yana so, ya samo aikin munazzama, irin ƙungiyoyin nan masu taimakon 'yan gudun hijira a sansanin Umm Rakuba."

"Haba Malam," in ji matarsa Mero, "kai da wane Turancin ka aure ni?"

"Lokacin duniya tana kwance ke nan!"

Lailatu ta shige ɗaki tana hawaye. Shekara uku Wada yana sallama a ƙofar gidan nan. Amma kukan bai kai la'asar ba, don ta ji wata munazzama tana neman mai kula da rumbun hatsi. Sharaɗin ɗaya ne: ya ji Turanci.

Aka kafa wa Wada makaranta a rumfa, Mero a tsakiya tana tsince wake, ido ɗaya a faranti, ɗaya a kan ɗalibi.

"Kalmomin aikatau za mu fara," in ji Lailatu. "Ce take."

"Tek."

"Ɗauka ke nan. Amma da ita Bature yake shan magani, da ita yake hawa mota, da ita yake hutawa."

"Kalma ɗaya aiki huɗu? Wallahi ko lebura a kaka ba a yi masa wannan zalunci!"

"Jira ka ga get, ya Wada. Ita ce samu, ita ce isa wuri, ita ce ganewa."

"To ni dai ban get ba."

Wata biyar ana haka. Mutanen kasuwar Gadarif sun rantse cewa jakin Wada ma ya daina jin Hausa. In ba a ce masa go ba, ko da sanda ba ya motsi.

Aka sa ranar jarrabawar neman aikin, Alhamis, a Umm Rakuba. Ran Laraba saƙo ya zo daga gona a Mafaza: riɗin Malam Hamisu ya yi rawaya, leburorin da ya ɗauka kuwa sun koma wata babbar gona. Kowa ya san halin riɗi. Kwana biyu ka makara, kwanson ya buɗe baki, noman shekara ya tsiyaye a ƙasa, tururuwa ta yi biki. Ga Malam kwance da ciwon baya.

Da safe Wada ya tsaya a tasha da sabuwar riga. Ga motar Umm Rakuba, ga ta Mafaza. Ya daɗe yana kallonsu. Daga nan ya kira abokansa shida, ya ce kowa ya zo da laujensa.

Da Lailatu ta ji, ta zauna a ƙasa.

"Inna, wata biyar! Ya iya, wallahi ya iya — zai ci!"

"Yi haƙuri, 'yata. Abincin da za mu ci bana ya tafi cetowa."

Aikin ya tafi hannun wani. Ran Asabar aka kai Malam Hamisu gona a bayan mota. Ya tarar da dammuna a jere, an jingine su tsaye suna shan rana, da Wada a cikinsu, rigar ta koma launin ƙasa.

"Kai, wa ya sa ka?"

"Ba kowa, Baba."

"Jarrabawar fa?"

"Takarda tana jira a sake rubuta ta, Baba. Riɗi ba ya jira."

Tsohon ya duƙa da ƙyar, ya shafa ƙasa da tafinsa, ya duba. Ƙwayar da ta zube ba za ta cika finjali ba. Ya miƙe, ya kaɗe tafinsa.

"Halas, shi ke nan. Ka turo manyanka ran Juma'a."

Aka ɗaura aure bayan an casa riɗi. Har yau Wada bai shiga ofis ba, sai dai idan baƙi masu sayen hatsi suka zo kasuwa, shi ake nema, kuma Malam Hamisu ne ke fara nuna shi da sanda: "Surukina ne, ni na zaɓe shi!"

Ilimi ado ne, a neme shi ko da wahala. Amma iyaye, kafin ku tambayi mai neman 'yarku harshe nawa ya iya, ku duba motar da yake shiga ranar da gidanku ya shiga uku. Mai haƙuri kuwa, ko ƙofa ɗaya ta rufe masa, rabonsa ba ya tsiyayewa.