Busar da Ba a Yi wa Mama Ba

Ina tsakiyar rawa, akayau na amo a ƙafata, na ji busar... sai na tsaya cak.

Busar makoki ce. A tsakiyar biki!

Ganguna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. A filin nan na Unguwar Boro, inda 'yan garinmu na kan dutse ke taruwa bikin kaka duk shekara, kowa ya zuba wa Wilfred ido. Shi kuwa abin ƙaunata ya lumshe ido, ya ɗaga ƙaho sama, yana busa da dukan zuciyarsa.

Ina zai sani? A Mahuta aka haife shi, yarenmu ma gaisuwa kawai ya iya. Da ya zo neman aurena, Baba, shugaban mabusanmu, ya ce ba zai ba da ni ga wanda bai san muryar dutsenmu ba, sai ya busa a gaban jama'a. Clinton, yaron Baba a busa, wanda na ƙi tayinsa, shi ya ce zai koya masa. Kullum Wilfred ya tashi daga walda a Rido sai wurinsa, har leɓensa ya tsage. Ni kuwa ya hana ni ji, wai mamaki zai ba ni.

Ga mamakin nan. Can bayan makaɗa na hango Clinton yana danne dariya.

Amma Allah ya sani busar ta yi kyau. Tana hawa a hankali kamar mai hawan dutse da kaya a ka, ta tsaya ta numfasa, ta sake hawa. Tsofaffin matan da ke rawa da ganye a ƙugu suka sunkuyar da kai.

Baba ya miƙe. Na ce shi ke nan, na rasa Wilfred.

Ya je gaban Wilfred ya tambaye shi wa ya koya masa. Wilfred ya nuna Clinton da murna, har yana sa masa albarka. Kallo ɗaya Baba ya yi wa Clinton, dariyar ta ɗauke. Sai ya juya ga Wilfred.

"Ɗana, ka san wa ka busa wa?"

"Edith, Baba," ya ce yana nuna ni.

"Uwarta ka busa wa..."

Sai hawaye suka zubo mini. Bara, ranar da aka binne Mama, Baba ya kai ƙaho baki kuka ya hana shi, kuma ba yaron da ya isa ya busa kafin shi. Haka ta tafi shiru.

Baba ya ciro ƙahonsa, na kakanmu, ya rataya wa Wilfred a wuya.

"Gobe ka zo gida. Busar aure ni zan koya maka da kaina."

Aka saki ganga. Wilfred ya matso kusa da ni a ruɗe, ya yi ƙasa da murya.

"Zuciyata, na yi daidai kuwa?"

"Ka yi kuskure, nawa," na ce ina dariya cikin kuka. "Allah ya saka maka."