Ƙwan Bushiyar Dutse

Kwana uku da haihuwar Yulince, matata, nono ya ƙi zuwa. Jaririn ya yi kuka har muryarsa ta dishe, sai buɗe baki kawai yake yi. Surukata ta jefo mini jakar saƙa.

"Melkias, zama za ka yi kana kallonsa ya mutu? Romon bushiyar dutse ne maganinta. Ko farautar taka ta baki ce?"

Na ja karena Kopi muka hau dutse da yamma liƙis. Gajimare ya sauko cikin itatuwa. Ko'ina warin ruɓaɓɓen ganye, gansakuka tana shanye sawun mutum. Na bi 'yan ramukan da bushiyar take hudawa da dogon bakinta tana neman tana, har gindin wani kututture. Ga ta nan a dunƙule, ƙayoyi a miƙe.

Mu a tsaunukan Papua, bushiyarmu ƙwai take yi, kuma kafin ka kashe ta sai ka juya ta rigingine ka duba aljihun cikinta. In akwai ƙwai, ba taka ba ce, ta Tsohuwar Dutse ce, aljanar da ke tsaron dajin. Ka saki, ka juya.

Na duba. Ƙwai ɗaya, kamar 'yar goruba ƙarama, mai laushi kamar fata, da ɗumi.

Wallahi raina ya ɓaci. Na tuna bakin ɗana. Na zare ƙwan na ajiye kan gansakuka, na ce a raina, to yanzu ai ba ta da ƙwai. Dubi wayon banza!

Kwaɗi suka yi tsit.

Kopi ya kwanta ya cusa kai cikin ganye.

Sai warin madara. Madara mai ɗumi, a tsakiyar daji.

Wani abu yana shaƙar iska a bayan wuyana. Fuu. Fuu. Wani tsini mai sanyi ya taɓa min ƙeya.

"Naka kwana nawa bai sha ba?" Muryar tsohuwa ce, can ƙasa-ƙasa.

"Uku, Kaka."

"Nawa saura kwana biyu ya fito daga ƙwai. Yana hucewa, jikana."

Na shiga laluben ƙwan. Duhu ya rufe. Na shafa nan, na shafa can. Babu.

Tsinin ya ƙara nutsewa.

Na same shi. Ya fara sanyi. Na hura masa numfashi, na mayar da shi aljihun, ƙayoyi suna yaga min yatsu.

"Je ka. Zan shayar maka da shi."

Ban waiwaya ba. Da gindi na gangaro rabin dutsen.

Tun daga shinge na ji surukata tana guɗa. Nono ya zo! Na faɗa ɗaki, jini na ɗiga daga hannuna. Yulince tana zaune bakin wuta, yaron a ƙirjinta, amma ba ta dariya.

"Melkias, zo ka gani," ta ce a hankali.

Ba ta kan nono yake fitowa ba. Ta fatar ƙirjinta yake tsatsowa kamar gumi, yaron yana lasa. Duk mafarauci ya san wace dabba ce ke shayar da ɗanta haka: bushiyar dutse, wadda ba ta da kan nono.

Ya rayu, na gode wa Allah. Shekararsa biyar yanzu, ya fi sa'o'insa ƙarfi. Sai dai bushiyar dutse ba ta da haƙori ko ɗaya, kuma kullum da safe ina buɗe bakin ɗana in duba. Har yau dasashi ne.