Shayin Sabon Manaja

Sufeto Gilchrist yana tsakiyar cin abincin rana aka faɗo ofishinsa a guje. Sabon manajan kamfanin inshorar gobara da ke bakin kasuwar Ballarat ya yanke jiki ya faɗi ana tsakar walimar miƙa masa mulki.

Ko da Sufeto ya isa, an wuce da sabon manajan, Treloar, asibiti, likita na cewa da ƙyar zai tsira. Tsoho Pengelly, wanda ya kafa kamfanin kuma yau yake sauka daga kujerar manaja, yana zaune jugum. Sufeto ya shinshina kofin Treloar. Warin maganin barci ya daki hancinsa.

"Wa ya haɗa shayin?"

"Ni ce," in ji Misis Rudd, wadda ta tsufa a aikin kamfanin. "Ni na kai masa da hannuna."

"Ƙarya ne. Rigarki a bushe take, ga shayi ya zuba a hanya tun daga ƙofa. Mai rawar hannu ne ya ɗauko shi."



Sufeto ya sa aka kira Quigley, babban akawu, wanda yake wurin tun kamfanin yana ɗaki guda. Kowa ya ɗauka shi zai gaji kujerar, sai ga yaro an ɗauko daga Sydney.

"Ba sai ka wahala ba, Sufeto. Ni ne!" Quigley ya miƙa hannuwa. "Ni na koya wa rabin garin nan aiki, sannan sa'an ɗan cikina ya zo yana ba ni umarni?"

"Madalla. Garin magani ka zuba ko na ruwa?"

"Gari."

"Na ruwa ne. Kuma hannunka ko motsi ba ya yi. Wa kake karewa?"

Sandar tsoho ta bugi ƙasa. "Sauke hannunka, Quigley, tun kana saurayi ba ka iya ƙarya ba." Pengelly ya miƙe, yatsunsa na kakkarwa. "Maganina ne. Ni na karɓi kofin daga hannunta."

"Yallaɓai, don Allah yi shiru!" Misis Rudd ta fashe da kuka.

"Masu hannun jari suka ce na tsufa. Ni da na bi gida-gida a kan doki ina roƙon mutane su shiga! So na yi ya ɓingire da barci a gabansu, su ce mashayi ne, su roƙe ni in zauna. Hannun nan ne ya ci amanata, ya zuba fiye da kima."

"Sai ka yi addu'a ya farka," in ji Sufeto. "Mu je."

Ma'aikata suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Quigley ya sa wa maigidansa hula, ya raka shi har bakin titi. Sannan ya dawo, ya goge ido, ya daka tsawa: "A buɗe ƙofa! Ga mutane can suna jira."