Ɗan Tudun Bayan Gidanmu

"Ki danna mafi araha mana," in ji Ummi, tana taunar cingam ƙas-ƙas. "Daga nan ya kamata irinku su fara."

Na dube ta sama da ƙasa, na mayar da idona kan wayar Kamilu. Ummi 'yar ƙanwar mahaifiyarsa Hajiya Inno ce, kullum sai ta biyo shi zance wai rakiya, alhali duk Batsari an san ita Hajiya Inno ta so ya aura. Ni kuwa a bakin Hajiya sunana "'yar gudun hijira, jikar waɗanda jiya-jiya suka koyi alwala."

"Rabu da ita, Zumata," Kamilu ya ce cikin muryar nan da ke kashe min jiki. "Zaɓi gidan da kike so mu zauna. Ko nawa ne!"

Na so Kamilu, ba zan ɓoye ba. Shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka kashe Baba, muka baro Babban Duhu ni da mahaifiyata Marka da ƙullin kaya ɗaya. Kwana uku muna bin ƙofa-ƙofa neman haya, ana jin daga inda muka fito sai a ce an riga an kama. Kamilu ne ya zaunar da mu a shagonsa na dillanci, ya buɗe wani shafin gidaje a waya. Ka zaɓi gari, ka zaɓi yawan ɗakuna, ka sa iyakar kuɗinka, sai shafin ya zubar da sauran ya bar maka daidai kai. Kafin ruwan da ya ba mu ya huce, ya samo mana ɗakin da muke ciki. A ranar zuciyata ta tafi, wawuya da ita, ko sallama ba ta yi min ba.

Don haka na san kan abin. Ban zaɓi gari ba, na bar shi yankinmu gaba ɗaya. Na sa ɗaki uku. Na sa mai rijiya, don na gaji da jiran 'yan garuwa. Sannan na danna mafi araha, ba don Ummi ba, don tausayin aljihunsa.

Hoto na farko ya buɗe...

Tsamiya. Katangar ƙasa da ta zube ta gabas. Rijiya mai bakin siminti.

Na ja hoton da yatsu biyu ya girma. Ga shi nan a bakin rijiyar, sawun tafin hannu ɗan ƙarami, wanda na danna ina 'yar shekara shida simintin bai bushe ba, Baba ya bi ni da dariya maimakon bulala.

"Tasalla? Lafiya?" in ji Kamilu.

Na karanta abin da aka rubuta a ƙasa, da ƙarfi, kalma-kalma:

"Kango a Babban Duhu, Safana. Masu shi sun tashi, ba za su dawo ba. Akwai ɗan tudu a baya, za a baje wa mai saye kyauta."

Ƙarƙashinsa lambar waya. Lambar da na haddace fiye da tawa.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni mana," ya ce, har da gyara hula. "Iya tallar ke nan! Masu kuɗin birni suna saye yanzu da arha, su ajiye sai ƙura ta lafa. Wani Badaru ya turo min hotunan, ya ce gadonsa ne."

Badaru ƙanen Baba ne, wanda ko jana'iza bai tsaya ba.

Ummi ta ƙyalƙyale da dariya. "Au, Yaya, ba ka gane ba? Ni tun ranar da na ga hoton na gane. Ba shi take ba mu labari kullum ba, har kunne ya gaji?"

Ka ji fa! Maƙiyiyata ta saurare ni ta riƙe. Masoyina, mai kirana Zuma, wanda na yi wa kuka a kan tsamiyar nan da rijiyar nan ya fi sau ashirin, ashe kai kawai yake gyaɗawa.

"Kamilu, ka san mene ne ɗan tudun?"

Ya girgiza kai.

"Ubana ne. Gagare. Mu a bayan gida muke ajiye namu tun kakanni. Ni da Inna muka tona da fartanya, mazan gari duk suna daji!"

Na zuba masa ido ina jira. Wallahi da ya ce innalillahi ya goge abin nan take, da na yafe, don zuciyata har ta fara nema masa uzuri.

Sai ya matso, ya rage murya.

"Haba Hasken idona... ki yi tunani. Wa zai koma can? An riga an samu mai saye. Da la'adar nan fa zan ƙarasa haɗa lefenki."

Lefena!

Na kalli wannan mutum, da shaddarsa mai maiƙo da agogonsa da ba ya aiki, na rasa me na gani a jikinsa shekara biyu. Ko haushi ban ji ba a lokacin, raini ne kawai ya cika min ciki.

Labule ya motsa. Inna Marka ta fito da akwatin kayan sa rana a kanta, ashe duk tana ji. Ta dire shi a gabansa.

"Sannu, ɗan nan. Mun gode da ɗakin da ka sama muna, Allah shi biya. Amma ɗiyata ba ta ɗaura zanen da anka saya da ƙashin ubanta. Ɗauki ka tahi."

"Inna, ki tsaya ki ji..."

"Mi zan ji? Na ji da kunnena."

Ya juyo gare ni, idonsa har da ƙwalla. "Tasalla, ina sonki!"

"Na sani," na ce. "Yadda kake son duk abin da ka samu da araha."

Washegari muka hau bayan a-kori-kura zuwa Safana, inda mai garinmu ke zaman hijira shi ma. Ya sa aka nemo Kawu Badaru, ya zo yana rantse-rantse yana share gumi, ya ce wasa yake yi. Aka ce ya kira dillalinsa a gaban kowa. Kafin la'asar an sauke tallar.

Na yi kuka, ba zan yi ƙarya ba. Sati guda ina yi, Inna tana yi kamar ba ta gani. Ba Kamilu nake wa kuka ba, wancan mutumin da ya ba mu ruwa a shago nake nema, kuma na gane ni na ƙera shi da kaina.

Abu ɗaya na amfana da shi: ya koya min bincike. Kowace safiya in na idar da sallah sai in buɗe shafin a 'yar wayata. Safana. Babban Duhu. Mai rijiya. In ya ce ba a samu komai ba, sai in yi hamdala in hura wuta.

Bayan wata biyu Ummi ta tare ni a kasuwa ranar Alhamis, hannu ya sha lalle, ta miƙo min katin bikinta da Kamilu tana yauƙi.

"Kar ki ƙi zuwa fa."

Na karɓa, na yi mata murmushi.

"Allah ya sa alheri, Ummi. Shawara ɗaya zan ba ki: in an binne wani naku, ki kai angon ya ga wurin da idonsa. Ba ya ji in an faɗa masa."