Filogin da Muntaka Ya Jefa a Makwarara

Rana ta yi ja lokacin da Muntaka bakanike ya shigo da motar tsakar gidansa, yana ta ƙunƙuni. Motar wani mai shago ce a Gyallesu, injinta mai turbo, kuma ta ba shi wuya fiye da duk wadda ya taɓa tun da ya buɗe gareji a Tudun Wada. A tsaye lafiya lau take. Da an taka mata wuta a kan titi sai ta kama tari tana fizga, abin da makanikai ke kira misin. Ya kai ta har Kongo ya dawo, ba abin da ya sake.

Muntaka gwani ne, amma gwanin tsofaffin motocin haya, ga shi da gaggawar tsiya. Filogin da ya saba sa musu shi ya ɗaura wa wannan, tun da ya shiga raminsa daram. Sai a hanyar dawowa hankalinsa ya kai ga kuskuren. Filogi akwai mai riƙe zafi, akwai mai saurin sauke shi. Injin turbo kuwa wuta ce a cikinsa. In aka ba shi mai riƙe zafi, bakin filogin zai yi jajir ya kunna fetur tun lokaci bai yi ba.

Ana kiran magariba ya buɗe bonet. Matarsa Ishatu ta leƙo daga madafa.

"Baban Hanifa, ka bari ya huce mana. Almuru ta yi."

"Yanzun nan zan gama."

Ya kwance filogi na farko. Bakinsa ya yi fari fat, har ya fara narkewa. Kafin ya gama dubawa zafin ya ratsa tsumman da ke hannunsa, ya yi wurgi da shi. Filogin ya faɗa lungun makwarara, wurin da Ishatu ko ruwan taliya ba ta zubawa sai ta yi bisimilla, don masu zama a wurin su kauce. Muntaka bai yi bisimilla ba, ashar ya yi. Daga lungun aka ji wata 'yar ƙara siririya, kamar an taka ɗan kyanwa, sai shiru.

Washegari ya nemo filogi masu saurin sauke zafi ya ɗaura. Mota ta tashi sumul, mai ita ya tafi yana sa albarka.

Da magaribar ranar aka fara jifa. Ƙwal a kan kwano, ƙwal a kan randa. Ba duwatsu ba ne, tsofaffin filogi ne na cikin gwangwaninsa da ke rufe a zaure. Duk wanda ya ɗauka sai ya sake shi, don zafi yake kamar yanzu aka cire shi daga inji. Tsoro ya kama Muntaka, irin wanda bai taɓa ji ba, amma ya ce wa Ishatu yaran maƙwabta ne.

Sai Hanifa ta kwanta. Ita ce 'yarsu ta fari, 'yar sakandare, mai surutu da dariya. Jikinta ya yi zafi rau, maganin asibiti bai taɓa zazzaɓin ba. Rana na faɗuwa sai ta tashi ta zauna tana fuskantar makwarara, ta haɗa hannuwa a ƙirji tana jijjigawa kamar mai rarrashin jariri, tana waƙa da muryar da ba tata ba. Ranar da Muntaka ya kira sunanta ta juyo ta dube shi da ƙiyayya tsantsa, ranar ya hau babur ya nufi Tudun Jukun wurin Malam Kailani mai ruƙiyya.

Malam ya zo bayan sallar isha. Aka shimfiɗa Hanifa a tabarma, Ishatu ta zauna a hagunta ta riƙe mata hannu. Ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana yi kafin yarinyar ta miƙe zaune, ta yi wani gurnani.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mace ce ni." Muryar tsohuwa ce, a dishe. "Mun riga su zama a gidan nan. Matar gidan tana gaya mana kafin ta zuba abu mai zafi, mu kauce. Shi kuwa ya jefi ɗana da wuta yana wasa a bakin makwarara."

"Bai gan shi ba. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"A yanka min baƙin akuya."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah."

Ya ci gaba da karatu. Hanifa ta yi ta birgima tana ihu, har muryar ta ce, "Tsaya! Zan fita. Amma kada a sake taɓa ƙarfe mai zafi a gidan nan in rana ta faɗi."

"Na yarda," in ji Muntaka. Ya durƙusa, hawaye na zuba. "Ni na jefa. Don Allah in hukunci ne ki kama ni, yarinyar nan ba ta san komai ba."

Idanun suka tsaya a kansa.

"Ni ma ai ba ni ka ƙona ba. Abin da nawa ya rasa kawai na ɗauka."

"Me ya rasa?" in ji Malam da sauri.

Kafin ya rufe baki, Hanifa ta yi atishawa mai ƙarfi, ta zube. Zufa ta karyo mata, jikin ya yi sanyi. Ishatu ta yi ta hamdala tana shafa mata kai.

Can yarinyar ta buɗe ido. Ta ga mahaifinta a damanta, ta yi ɗan murmushi. Sai ta lumshe idon dama, ta buɗe, ta sake lumshewa.

"Baba," ta ce da muryarta ta ainihi, "ina Inna? Ina jin hannunta, amma wannan gefen duk duhu ne."