Kwanan Shuɗiyar Mota

A zamanin mulkin soja, motocin garin Gaya ba su da yawa. Yara sukan gane kowace mota da kukan injinta tun kafin ta ɓullo. A lokacin ne aka yi wani yaro ɗan lakwal, wato makarantar boko. Babansa direba ne. Ya daɗe yana tuƙa motar mutane, yana kai mata masu sarin kifi Tunuga. Kullum addu'arsa Allah Ya ba shi tasa.

Tsofaffin motoci suna shigowa ta gada daga Benin, ana jera su a wani fili kusa da tasha. Mutanen wancan zamani suna da wata al'ada mai kyau. Ba a sayen mota ranar da aka gan ta. Sai a share ƙasa tas, a ajiye motar a kai ta kwana. Da safe a tura ta gaba a duba wurin. In ƙasa ta bushe, lafiya lau. In an ga ɗigon mai, to akwai ciwo. Wannan shi ake kira kwanan mota.

Wata rana Baba ya ga wata shuɗiyar mota mai buɗaɗɗen baya. Yaron ya danna oda, ta yi ƙara mai daɗi kamar algaita. Nan take ta shiga ransa. Kafin magariba duk abokansa sun ji labari.

Da asuba Baba ya tashe shi.

"Yi maza ka tafi fili, ka tsaya kusa da motar. Kada ka bar kowa ya taɓa ƙasan. Ni zan biya in ɗauko Yakuba makanike."

"To, Baba."

Yaro ya isa da gudu, ya durƙusa ya leƙa. Kusa da ƙafar baya sai ya ga jiƙaƙƙen wuri kamar faɗin tafin hannu. In Baba ya gani, shi ke nan, ba shuɗiyar mota, ba oda. Me zai gaya wa abokansa?

Ya duba dama da hagu. Ya sa ƙafa ya jawo busasshen yashi, ya rufe wurin.

Da Baba da Yakuba suka zo, aka tura mota gaba.

Dillalin, Malam Hama, ya ce, "Kun gani? Ko hawaye ba ta yi ba!"

Baba ya juyo. "Ɗana, ba wanda ya taɓa nan?"

"Ba kowa, Baba."

Aka yi ciniki. Ran nan Inna ta yi tuwon shinkafa da miyar kifi don murna, amma yaron loma biyu ya yi ya tsame hannu.

Inna ta taɓa goshinsa. "Lafiya? Ko zazzaɓi ne?"

"Lafiya lau, Inna."

Washegari Baba ya ɗauki mata da kwandunansu, ya kama hanyar Tunuga. Yaro ya tafi lakwal, amma hankalinsa na bisa hanya. Malaminsu, Mushe Sha'ibu, ya kira sunansa har ya gaji.

"Kai, jikinka ne kawai ya zo yau?"

Yaro ya miƙe. "Mushe, in mota tana ɗigar da mai kusa da ƙafar baya, me ke nan?"

"Kusa da ƙafa? Ai yawanci man birki ne. Me ya sa ka tambaya?"

Sai yaron ya fashe da kuka, ya faɗi komai.

Mushe bai ko ajiye alli ba. Ya bar ajin a hannun babban ɗalibi, ya ɗora yaron a bayan babur ɗinsa mobilet, suka bi sawu.

A gindin gangaren bayan gari suka tarar da motar. Birki ya ƙi kamawa, ga amalanken jaki a gaba cike da yara. Baba ya karkata sitiyari, mota ta faɗa gonar gero ta kafe cikin yashi. Kwanduna sun watse ko'ina. Baba na zaune a ƙasa riƙe da hannunsa da ya gurɗe.

Wata mai kifi, Bibata, tana kakkaɓe zanenta tana cewa, "Direba, bakin gulbi muka ce ka kai mu, ba noma muka zo ba!"

Yaro ya durƙusa gaban babansa.

"Baba, ni ne. Na ga ɗigon, na rufe da yashi. Na ji tsoro kada ka fasa saye."

Baba ya dube shi. Sannan ya nuna masa yaran amalanken.

"Ka gan su? Kowane da uwarsa. Na aike ka ne don ka zama idona."



Da yamma direbobi suka taru a tasha. Malam Hama ya rantse bai sani ba, ya ce gyaran birki a wuyansa. Baba ya miƙe da hannu a ɗaure.

"Jandarma takarda suke dubawa, takarda kuwa ba ta tsayar da mota a gangare. Yashi kuma ko ƙafar yaro tana rufe shi. Mu zuba siminti a fili. Kowace mota ta kwana a kai, a kuma taka birkinta gaban mai saye."

Kowa ya yarda. Baba ya ce yaron ba zai hau motar ba sai an gama daɓen. Ranakun da ba lakwal, shi ke ɗebo ruwa da yashi wa magina, har tafin hannunsa ya yi kanta. Bai taɓa gunaguni ba.

Ranar da siminti ya bushe, shuɗiyar mota ce ta fara kwana a kai. Da safe yaron ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Baba, a bushe yake! Wallahi a bushe!"

Baba ya yi dariya, ya buɗe masa ƙofar gaba. "Na yarda. Shigo ka danna odar taka."

Inna na bakin fili tana cewa, "A dai tafi a hankali!"

Daɓen nan yana nan har yau, sai dai awaki ke kwana a kansa. Yanzu mutum kan ga hoton mota a waya ya saya, ni kam abin na ba ni tsoro. Ina ma a dawo da kwanan mota.

Yara, in an ba ku amana ku duba abu, ku faɗi abin da idonku ya gani, ko da zai hana ku abin da kuke so. Aibin da kuka rufe yau, ba ku san ran wa zai taɓa gobe ba.