Buta Mai Jan Ƙyalle

"Daga yau wannan ce butarki," in ji uwar mijina, tana ɗaura mata jan ƙyalle a wuya. Da yatsu biyu ta miƙo min ita, kamar mai ɗauke da mataccen ɓera.

"Mama, me na yi muku?"

"Ki tambayi inda kika kwaso sanyin. Ɗana dai lafiyarsa ƙalau."

Wata biyar ina fama da ciwon mara da wani ruwa mai ƙarni, har ni kaina sai na kau da fuska in zan wanke wandona. Na sha ƙwayoyi, an yi min allurai, shiru kake ji. Shekara uku da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Duk bai ƙona ni kamar kalmar nan ba: sanyi. Mata kan kira kowane ciwon mara da ita, amma a bakin Mama ma'anarta ɗaya, wai na bi wani namiji.

Mijina yana bakin ƙofa da jakar kayan gyaran wuta, kansa a ƙasa. Mutumin da ke kirana hasken idona, yau idon ya kasa ɗagowa. Wallahi na ji ƙyamarsa fiye da ta warin jikina.

"Kai ma ka yarda?"

"Ni... ban ce komai ba."

"Ai shi ne abin."

Mama ta ba shi mako guda ya sallame ni. Ana saura kwana biyu, sakamakon ɗan naman da aka ɗiba daga mahaifata ya fito. Na kafe sai mun je asibiti mu uku, kowa ya ji da kunnensa.

Likitar ta ajiye takardar. "Ba ciwon sanyi ba ne. Ƙwayar cutar tarin fuka ce."

Mama ta taɓe baki. "Tari a mara? Yarinyar da ko atishawa ba ta yi?"

"Ba kasafai ake gani ba, Mama, shi ya sa magungunan baya suka kasa. Ana shaƙarta ta huhu, ta bi jini ta sauka mahaifa, ta yi lamo har shekaru." Ta juyo gare ni. "Kin taɓa jinyar mai tarin fuka?"

Na juya na dubi Mama.

Ina amarya na tare a ɗakin Mama wata shida ina jinyar tarinta, lokacin da 'ya'yan cikinta ke turo abinci daga bakin ƙofa, hanci a toshe. Ni ke zubar da gwangwanin majinarta, koriya mai zaren jini. Ni ke wanke tsummokaranta. Ko kofi ban taɓa ware mata ba. An ce alheri danƙo ne, to nawa a mahaifata ya manne.

"Likita... za ta haihu?" in ji Mama.

"Magani wata shida, za ta warke da yardar Allah. Haihuwa kuwa ba zan yi alkawari ba, hanyoyin mahaifar sun ji rauni."

Mijina ya durƙusa a gabana, a gaban kowa. "Hasken idona, ko da ɗa ko babu, ke ce matata. Ki yafe min shirun da na yi..."

"Shirun ya fi ciwon wari," na ce.

Da muka koma gida Mama ta nufi butar. Ta yi ta fama da ƙullin ƙyallen, ya ƙi kwancewa. Sai ta bar shi, ta ɗauke ta da hannu biyu, ta tsuguna ta yi alwala da ita tana kuka.

Mijina ya kamo hannuna. Ban fizge ba, amma ban riƙe nasa ba tukuna.